Gwiwa a Ƙasa, Ƙafa a Hanya

Ɗana, 'yata, a ƙasar nan tamu ba kasafai ake korar ma'aikaci da takarda ba. Mai makaranta ko mai kemis ko manajan gidan mai zai ja ka gefe ya ce, "Ka ɗan je ka huta, za mu neme ka." Albashin wata biyu ko uku yana hannunsa, kuma daga kai har shi kun san ba zai neme ka ba. Wani ma ba sallamarsa aka yi ba, shi ya tafi da ƙafarsa, don zagi ya yi yawa, ko an ɗora masa asarar da ba shi ya jawo ba, ko kuwa yarinya ce maigida ya fara tsayar da ita bayan kowa ya tashi. Na daɗe ina ganin irinku a Mai'adua da Daura da Zango da Sandamu. Kukan zo sujada ku zauna a layin baya, ana idarwa ku sulale kafin a gaisa. Da ku nake so in yi magana, kuma ba faɗa zan yi ba. An cuce ku, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne cutar da mutum kan yi wa kansa bayan wadda aka yi masa, don sau da yawa ita ta fi daɗewa.

Ta farko daga baki take fitowa. Ranar da abin ya faru zuciya tana tafasa, waya kuma tana hannu. Sai a hau Facebook ko WhatsApp a rubuta sunan mutum da sunan shagonsa, a liƙa wata aya a kan ƙarshen mugaye, a ji sanyi na rabin yini. Ɗana, Mai'adua ba Legas ba ce. Ranar Lahadi kasuwa za ta ci, mutanen Daura da Kano da Matamaye da Damagaram su haɗu da masu lodin shanu zuwa kudu, kafin la'asar maganarka ta kewaya kara da rumfunan hatsi. Wanda za ka je wurinsa neman aiki a wata mai zuwa, in ba surukin tsohon maigidanka ba ne, abokin cinikinsa ne, kuma abin da zai riƙe shi ne kai mai tonon asiri ne. Ba zai tsaya binciken wa ke da gaskiya ba. Magana zarar bunu ce. Akwai kuma wani abu da ya kamata ka tuna, kai Kirista da kake cikin tsiraru. Rigimar albashi, in aka sa mata rigar addini a rubuce, takan rikiɗe ta zama wani abu daban, kuma ba kai kaɗai za ka biya kuɗinta ba. Matar da ke sayar da abinci a bakin tasha da yaran da ke zuwa makarantar Lahadi duk suna ciki.

To ina za ka kai fushin? Ka kai shi inda ake iya ɗaukarsa. Da yawanku an koya muku addu'a mai ladabi kawai, ta godiya da roƙon albarka, har kuna jin kunyar gaya wa Ubangiji cewa ranku ya ɓaci. Ka buɗe Zabura ka gani. A ta 13 Dawuda yana ta tambayar Allah yaushe zai daina mantawa da shi. A ta 73 Asaf ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ya zame, don ya ga azzalumai suna ƙiba shi kuwa yana wahala da gaskiyarsa. Ta 88 ma ta ƙare ba tare da wata ta'aziyya ba. In Allah ya bar waɗannan a cikin Littafinsa, naka kukan ba zai ba shi mamaki ba. Ka rufe ƙofa ka faɗa masa komai, da sunan mutumin, da yawan kuɗin, da kalmar da ya gaya maka a gaban yara. Abin da ka zuba a gaban Allah da dare ba zai matsa maka ka zuba shi a gaban jama'a da rana ba.

Amma kuka daban, tsinuwa daban. Na sha jin matasa a kwanan addu'a suna kiran wuta a kan tsohon maigida, shagonsa ya ƙone, 'ya'yansa su rasa abinci, jama'a suna amsawa da amin mai ƙarfi. Wannan salo daga wasu masu wa'azin talabijin ya zo mana, ban kuwa ga inda ya warkar da kowa ba. Lokacin da Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, tsawata musu ya yi. Ko ka ajiye wannan gefe, dubi abin da irin addu'ar ke yi wa mai yinta. Mutumin da ya yi wata shida yana maimaita laifin da aka yi masa kowane dare, ƙaya ce ya bari a tafin ƙafarsa yana takawa a kai. Ranar da aka kira shi ganawa don sabon aiki, da an tambaye shi inda ya baro sai fuska ta canza, murya ta hau, mai tambaya kuma ya rubuta abin da ya gani. Yi wa wanda ya cuce ka addu'a abu ne mai nauyi, na sani, kuma ba na ce ka yi ƙaryar ƙauna ba. Ka fara daga inda bakinka zai iya. Ka roƙi Allah ya sa ya biya ka, ya sa ya ji kunyar abin da ya yi, ya kuma kare waɗanda har yanzu suke ƙarƙashinsa. Wannan ma addu'a ce dominsa.

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi ruɗa ku. Wasu manya, da kyakkyawar niyya, za su ce maka, "Ka bar wa Allah, Kirista ba ya rigima." Sai ka haɗiye albashin wata uku kana tsammani gafara ke nan. Gafara ita ce ka sauke niyyar ramuwa. Haƙƙinka kuwa yana nan, kuma neman sa ba zunubi ba ne. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki ladan ma'aikaci da wasa ba. Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24 sun hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Yakubu ɗan Ishaku ya yi wa kawunsa Laban bauta shekara ashirin, aka sauya masa lada har sau goma, kuma da ranar ta zo ya tsaya a gabansa ya lissafa masa komai, zafin rana da sanyin dare da dabbobin da ya biya daga nasa. Bulus da Sila, da aka yi musu bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari aka ce su fita a ɓoye. Bulus ya ƙi, ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, mahukuntan su zo da kansu su fitar da su, suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Mutumin da ya rubuta mana babi guda a kan ƙauna shi ne wannan. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwa mai ƙarfi a kan gaggauta biyan ma'aikaci, saboda haka in ka nemi haƙƙinka ba baƙon abu ka kawo garin ba.

Ka kuma san abin da dokar ƙasa ta ba ka, don rashin sani ya fi dare duhu. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa da albashinsa da yadda za a rabu. Ta kuma tsara wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya in aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Dokar ta fi shafar masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya sun fi dogara ga yarjejeniyar da suka sa wa hannu, shi ya sa rashin takarda ya fi cutar da su. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma yawancin shaguna da ƙananan makarantunmu a nan suke, don haka kada ka gina ƙararka a kansa. Ka gina ta a kan abin da aka yi alkawari aka ƙi cikawa.

Hanyar nema ma tana da tsari, kuma Matiyu sura 18 ta riga ta shimfiɗa shi. Ka fara zuwa kai kaɗai, a lokacin da ba jama'a, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi watannin da adadin, ka tambayi ranar da zai iya. In ya ce rabi-rabi, ka karɓa, a rubuta. In ya ƙi, ka koma da mutum ɗaya ko biyu, kuma ka zaɓi wanda shi yake jin nauyinsa. Sau da yawa wannan mutumin ba daga ikilisiya zai fito ba. Mai unguwa ne, ko shugaban 'yan kasuwar layinsu, ko limamin masallacin da yake salla, ko wani dattijo da suka yi makaranta tare. Ƙasar Daura ƙasar sarauta ce, maganar mai unguwa da dagaci da hakimi tana da nauyi har gobe, kuma na ga bashin da aka yi wata da watanni ana ja ya fito a zama ɗaya a zauren mai unguwa, don mutum ba ya son a ce da shi macuci a gaban sa'o'insa. In duk wannan bai yi ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a Katsina, kuma ba a biyan kuɗi kafin ta saurare ka. Sama da ita akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin rigingimun aiki, tana da reshe a Kano. Sai dai ka yi lissafi da idon basira. In abin da kake bi bai kai kuɗin motar zuwa Kano sau biyar ba, wataƙila zauren mai unguwa ne iyakarka, daga nan ka saki da zuciya ɗaya. Saki bayan ka nema ya bambanta da haɗiyewa don tsoro.

In kuwa wanda ya riƙe maka kuɗi ɗan'uwa ne a cikin bangaskiya, abin ya fi ciwo, kuma yana faruwa fiye da yadda muke son faɗa. Ka kai wa fasto da dattawa tukuna, kamar yadda Bulus ya shawarci Korantiyawa. Mu dattawa kuma, in ana jina, kada girman baikon mutum ya sa mu ce wa yaron da ya yi masa aiki ya yi haƙuri kawai.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da na san tana ranka: don ni Kirista ne aka yi mini haka? Wani lokaci e. Akwai wanda aka tsallake shi a ƙarin girma, akwai wadda aka matsa mata a kan sunanta, kuma sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. In abin da ya faru ke nan, a kira shi da sunansa, a kai shi ta hannun shugabannin ikilisiya da ƙungiyar Kiristoci ta CAN, da shaida, ba da ihu ba. Amma kafin ka yanke, ka waiwaya ka dubi abokan aikinka. Malam Musulmin da kuke koyarwa tare, an biya shi? Yaron da ke zuba mai a famfon kusa da naka, shi ba a zage shi? Sau da yawa za ka tarar mai cuta ba ya tambayar addini, duk wanda ya samu a ƙasa takawa yake. Ka kuma tuna irin shekarun da garin nan ya shiga. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, a watan Nuwamba na shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Garin da mashigar iyaka ta Kongolam ce ƙofar abincinsa ya ji a jikinsa. Wasu masu gidan mugunta ce, wasu kuwa karyewa suka yi suna jin kunyar faɗa. Wannan bai goge bashin ba, amma yana canza yadda za ka nema. Wanda ya ɗauki kowace cuta a matsayin tsanani saboda Almasihu, a ƙarshe yakan rufe ƙofa ga mutanen da su ne za su yi masa hanya, alhali a Mai'adua mafi yawan masu ɗaukar aiki da masu cewa "na san yaron nan, yana da amana" Musulmi ne.

Cikin addu'ar nan taka ka bar wuri kaɗan don tambayar kanka. Kana zuwa a kan lokaci? Lissafin kuɗin shago yana cika? Ko ka taɓa barin aiki ka tafi koyon waƙa ba izini, kana ganin ai na Allah ne? Ba don ka wanke wanda ya cuce ka ba, sai don kada ka ɗauki abin da yake naka ka kai shi sabon wuri.

'Yata, ke kuma taki ta daban ce, zan faɗa a fili. In abin da ya fitar da ke shi ne namiji ya nemi ya yi ciniki da mutuncinki, ba ki yi asarar aiki ba, tsira kika yi, kuma kunyar tasa ce. Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu, aka kuma yi masa ƙazafi a kai, don haka kada ki yi mamaki in aka juya maganar aka ce ke ce. Kada ki goge saƙonnin da ya turo miki. Ki gaya wa wata uwa a Zumuntar Mata wadda kika san bakinta yana da nauyi, tun da wuri, don shirun da kike yi yana barin ƙofa a buɗe ga yarinyar da za a ɗauka a gurbinki. Kuma kada wani ya gaya miki cewa rashin addu'arki ne ya jawo.

Yanzu ga neman kansa. Akwai irin addu'ar da ke zama maɓoya. Mutum ya shiga azumin kwana ashirin da ɗaya, bai rubuta takardar neman aiki ko ɗaya ba, bai gaishe da kowa ba, yana jiran waya ta yi ƙara. Ban raina azumi ba. Amma Nehemiya, da maƙiya suka taso wa masu ginin garun Urushalima, addu'a ya yi ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Rut ba ta zauna kusa da Na'omi suna kuka ba, ta fita kala a gonar da ba ta san mai ita ba, a can Allah ya haɗa ta da Bo'aza. Hausawa suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ka ba safiya ga Ubangiji, ka karanta sura guda, ka faɗa masa inda za ka yau da wanda za ka gani, sannan ka yi wanka ka sa tufafi masu tsabta ka fita kamar mai zuwa aiki. Zaman ɗaki yana cin mutum a hankali, barcin rana ya zama hali, wanka ya koma sai yamma.

Ka je inda ake motsi. Daura ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi da ya biyo ta ƙasarta. Ba lalle ka samu kujera a cikinsu ba, amma duk inda ɗalibai da ma'aikata suka taru akwai mai buƙatar wanda zai buga takarda, ya gyara waya, ya koyar da yara da yamma, ya haɗa wutar sola, ya dafa abinci. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tana koyar da sana'o'i, ka leƙa ofishinta ka tambaya. Kada takardar shaidarka ta hana ka riƙe almakashi ko sifana. Bulus, da duk karatunsa a gaban Gamaliyal, ɗinkin tanti ya zauna yana yi a Koranti tare da Akila da matarsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda aka taɓa riƙe wa albashi ya fi kowa sanin amfanin samun wata 'yar hanya da ba ta hannun mutum ɗaya.

Mai neman aiki yana da masu farautarsa, kuma sun san lokacin da ya fi rauni. Na farko yakan zo da Littafi a hannu. Zai ce ya ga an ɗaure tauraronka a ƙauyenku, ka kawo kuɗin shuka iri, ka sayi mai ko ruwan da ya yi wa addu'a. Kuɗin da ya rage maka na abinci da mota shi zai tafi, ka kuma dawo kana zargin gwaggonka da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka karanta amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni sura 8. Fastonka na gaskiya zai yi maka addu'a kyauta, ya kuma tambaye ka ko ka ci abinci.

Na biyu yakan ce yana da mutum a Abuja. Da yake muna ganin jami'an kwastan da na shige da fice kullum a hanyar Kongolam, kakinsu yana shiga ran yara, sai a ce kawo dubu ɗari kaza a ba ka gurbi. Iyaye su sayar da akuya da hatsi, a kawo takardar ɗauka mai hatimi, ranar da ka je ka tarar ta bogi ce. Hukumomin nan sukan sanar da ɗaukar aiki a fili, su kuma yi ta gargaɗi cewa ba a sayen gurbi. Ka tuna 15 ga Maris na 2014, ranar da dubban matasa da suka biya naira dubu ɗaya-ɗaya suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, turmutsutsu ya kashe fiye da mutum goma a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin. Wannan ma ta hukuma ce, ina ga ta ɗan damfara.

Na uku ya fi su haɗari, don hanyarsa ta ƙofar gidanmu ta wuce. Daga Kongolam sai Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Damagaram, sai Agadas, daga nan sai hamada. Za a ce miki akwai aikin gida a Libiya ko Aljeriya, ba sai kin biya ko sisi yanzu ba, in kin isa kya biya. Wannan "in kin isa" shi ne igiyar. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu mutanen yankin Kance ne, nan tsallaken iyakarmu. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane da jami'an shige da fice suna yawan tare 'yan mata a wannan hanya. Wanda maigida ya wulaƙanta a Mai'adua yana da mai unguwa da fasto da uwa. A can babu ko ɗaya.

In Allah ya buɗe ƙofa aka kira ka, za a tambaye ka me ya raba ka da wurin da ka baro. Ka faɗi gaskiya a gajarce: "An samu matsalar biyan albashi, muka rabu." Ka tsaya nan. Kada ka yi ƙarya, don za a bincika, kada kuma ka buɗe fayil. Sannan ka yi abin da ba ka yi ba a karon farko, ka tambayi nawa ne, wace rana ake biya, wane aiki ne naka wane ne ba naka ba, ka roƙa a rubuta ko da a takarda guda ce ku sa hannu. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ji haushi ya riga ya gaya maka halinsa.

Maganar Lahadi kuma a gama ta tun ranar farko. A garin da babbar kasuwarsa ranar Lahadi take ci, mai shago yana da gaskiya in ya ce ranar ce ya fi buƙatarka. Kada ka ce to, sannan ka riƙa ɓacewa. Ka ce masa kana zuwa sujada da safe, ƙarfe kaza za ka iso, ranar Juma'a kuma in kowa ya tafi masallaci kai za ka tsare shago. Na ga wannan tsari ya zaunar da mutane lafiya shekara da shekaru, har maigida ya riƙa tuna wa yaronsa cewa lokacin cocinsa ya yi. Kai kuma da sunanka Musa ko Ibrahim, ke da ake kira Hauwa ko Saratu, Hausa ce harshen da kuka sha a nono, za a ɗauka ku Musulmi ne, kuma zuciya za ta ce ku yi shiru har aiki ya kama. Kada ku yi. Abin da aka gano daga baya yakan zama kamar yaudara, ko da ba ku furta ƙarya ba. Ba kuma abin ɓoyewa ba ne. Littafi Mai Tsarki cikakke yana cikin Hausa tun 1932, ikilisiyoyin ECWA sun daɗe a ƙasar Malumfashi da Kafur da Matazu, kuma da aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina a 2023, ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, aka naɗa bishop na farko. Ku faɗa sau ɗaya cikin ladabi, sauran kuma amanarku ta faɗa.

Mai yiwuwa ka yi duk wannan, wata ya bi wata, shiru. Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba, ban kuma san ranar da zai amsa ba. Yusufu yana kurkuku ya roƙi mai shayarwar Fir'auna ya tuna da shi, mutumin ya fita ya manta har shekara biyu cur, ba kuwa don Yusufu ya kasa addu'a ba. Jinkiri ba shaida ba ce cewa akwai zunubin da kake ɓoyewa, kada ka bar masu ta'aziyya irin na Ayuba su sa maka wannan a rai. Abin da nake roƙonka a lokacin jiran abu biyu ne. Ka kira iyayenka a gida ka gaya musu gaskiya, ka daina cin bashi kana aika musu don su ɗauka har yanzu kana aiki. Za su ji ciwo kwana biyu, sannan su shiga yi maka addu'a da tambayar mutanensu. Kuma kada ka daina zuwa sujada don ba ka da abin sawa a baiko. Ba mai duba hannunka. In an tashi ka tsaya a gaisa, ka gaya wa dattawa da 'yan zumuntar matasa irin aikin da ka iya da wanda kake nema, ka bar musu lambar wayarka. A cikinsu akwai ma'aikatan asibiti da malamai da 'yan sanda da masu shagon kayan mota, kuma sukan ji labarin gurbi tun kafin a manna shi a bango.